Tayoyin Motar Madara

Zuwa ga Baffa Mai Taya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Baba ya ce injin buga iska ya gama da shi, ko an kira ka a waya sai ka yi ta cewa "wa ke magana?" har mai kiran ya gaji. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda. Na san rabonka da ni tun rasuwar Mama, shekara huɗu ke nan, kuma idan aka bi salsala dangantakarmu da ɗan nisa, tunda kakata da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma ɗaki ɗaya kuka taso da Baba, kuma a kan maganar mota babu wanda yake saurare sai kai.

Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya sauka da ƙarfi. Ina nan ina koyarwa. Baba kuma yana nan da a-kori-kurarsa kamar yadda ka sani. Kullum da sassafe zai zagaya gonaki bakwai ya ɗauki garewanin madara, minti arba'in a hanyar ƙasa, sannan awa guda a kwalta zuwa kamfani. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa makara ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, sau biyu a wata ɗaya motar ta ba shi kunya. Na farko, tayar gaba ta hagu ta zame daga kan kwalbatin da ke kusa da injin katako, sai da tarakta ta jawo shi, garwa huɗu suka zube. Na biyu, ya goge gefen hagu da ginshiƙin ƙofar kamfani, madubi ya tashi. Ya ce tayoyin ne suka suɗe, ba sa kama ƙasa, kuma shi na laka yake so, masu manyan haƙoran nan.

Na je shago da kaina. Mai shagon ya nuna mini iri biyu: na lakar, da wasu da ya kira gama-gari, wai suna tafiya a kwalta suna tafiya a ƙasa. Da na tambaye shi wanne ya fi, sai ya ce duka biyun sun fi. Ni nake so in saya masa, don bai taɓa roƙona komai ba. Wanne zan ɗauka?

Kwanan nan ya zama mai saurin fushi. Ko takardar kamfani aka ba shi sai ya miƙo mini, wai rubutun 'yan zamani kamar tafiyar tururuwa. Ina ganin maganar motar ce take cin ransa.

Ka gaishe mini da Inna.

'Yarka,
Malama

*

Malama 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Kunne yana nan, ado ne kawai. Innarki ta ce ba kurumta ba ce, zaɓe nake yi, wai idan an ce abinci ya sauka ina ji. Ita ƙafa ce ke damunta, amma da sauƙi.

Ga maganar taya. Mai shagonku ɗan kasuwa ne, ni ma haka nake ce wa mutane. Amma ke zan gaya miki gaskiya.

Tayar laka haƙoranta manya ne, da fili a tsakaninsu. Idan ta shiga taɓo takan cije, ta watsar da lakar, ta sake cizo. A nan babu kamarta. Amma da ta hau kwalta sai halinta ya fito. Tana kuka kamar jirgi, tana shan mai, tana saurin cinyewa, kuma idan kwalta ta jiƙe aka taka birki, sai ta ƙara taku da yawa kafin ta tsaya. Gama-gari zanenta ƙanana ne, a haɗe. Ba ta da surutu, birkinta a kwalta ya fi kyau, tsakuwa da yashi ba sa damunta. Laka mai danƙo ce kawai ke cika mata baki ta koma sumul. Mutumin da rabin tafiyarsa da ɗoriya a kwalta take, ɗauke da kaya mai rawa a baya, ni gama-gari nake ba shi. Na laka na mutanen fadama ne.

Amma kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Ki yi mini abu uku.

Ki ɗauki tsinken ashana, ki sa kansa a cikin zanen tayoyin da ke jikin motar yanzu, ki gaya mini ko kan ya nutse. Sannan ki tuna mini, ranar da ya goge ƙofar kamfani, ruwa ake yi ko rana? Harabar kamfanin ƙasa ce ko siminti?

Na uku shi ne babba. Kafin komai, ki sa a duba fitilun Yaya, duka biyun, musamman ta hagu. Kuma ki samu rana ɗaya ki zauna a gefensa tun daga gida har kamfani. Kada ki yi magana, ki kalla kawai.

Kada ki ce masa ni na sa ki. Kin san shi.

Naki,
Baffa

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ka ce mata ta riƙa ɗora ta a kan matashi. Mu lafiya, sai mura da na yi fama da ita sati guda.

Na yi abin da ka ce. Kan ashanar ya nutse gaba ɗaya a duka tayoyin huɗu. Ranar ƙofar kamfani rana ake yi, kuma wurin siminti ne. Da na gaya wa Baba, sai ya ce tsohuwar roba ko da zane ta riga ta bushe, kuma tun yaushe malamar makaranta ta zama mai faci? Fitilu ma na kai wa mai gyaran wutar mota. Ya ce lafiyarsu ƙalau, amma ya canza ƙwan ta hagun tunda ka ambace ta, ya kuma wanke gilasan.

Zama a gefensa ne bai yiwu ba. Lokacin jarrabawa ne, ga takardun yara sama da ɗari a gabana. Ranar Asabar na shirya zan bi shi, ya ce kujerar gaba ta garwa ce, babu wurina.

Baffa, kada ka ji haushi, na laka na saya. Na karanta masa bayaninka kan tayoyin, ban karanta masa sauran ba. Ya ce kai a birni kake, ka manta yadda laka take. Kwana uku ba ya cin abincin kirki. Ni kuma, gaskiya, amsarka ta ɗaure mini kai. Na tambayi taya, ka aike ni wurin ashana da fitila.

Da ka ga fuskarsa ranar da aka ɗaura su. Ya yi ta zagaya motar yana shafa haƙoran da hannu. Rabon da in ga dariyarsa haka tun Mama na da rai. Motar ta ƙara tsawo, sai na taka dutse nake leƙa bayanta.

Ƙarar kam ka yi gaskiya. Tun daga kan kwalta nake jin dawowarsa. Ranar farko ya sauko yana sosa kunne, ya ce, "Wannan kuka ya cika mini kai, ba na jin komai a hanya." Na yi dariya na ce me zai ji a hanya, shi da ya cire rediyo tun bara, kuma ko ana ruwa gilashinsa a sauke yake? Ya ce zai saba.

'Yarka,
Malama

*

Malama,

Gaisuwa a taƙaice. Muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ban ce fitilun mota ba. Fitilun Yaya na rubuta. Idanunsa nake nufi. Wayo na yi irin na matsoraci, don in faɗa miki ba tare da na faɗa ba, ke kuma kika ɗauki maganar yadda duk mai hankali zai ɗauke ta.

Bara, lokacin da ya ce miki zai zo nan neman kayan gyara, ba kayan gyara suka kawo shi ba. Asibitin ido na raka shi. Likita ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya kusa tafiya, na dama kuma yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce ya ajiye tuƙi. A bakin ƙofar asibitin ya kama hannuna ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya miki ba. Ya ce damina ɗaya kawai zai ƙara, ya samu wanda zai miƙa wa gonakin. Yayana ne, shi ya koya mini riƙe sifana. Na yi alkawarin.

Da na karanta takardarki ta farko na ga kwalbati a hagu, ƙofa a hagu, na san ba taya ba ce. Yanzu da kika ce ya cire rediyo, kuma gilashi a sauke ko ana ruwa, sai na gane sauran. Da kunne yake tuƙi, 'yata. Abin da idon hagu ba ya gani, kunne ke gaya masa. Tayoyin nan sun toshe masa abin da ya rage.

Ki karɓe makullin yau. Ki ɓoye, ki jefa a rijiya, ki ce ni na sa ki. Ya zage ni, na yarda. Zan ba direban motar safe wannan takarda hannu da hannu, jibi tana wurinki.

Baffa

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Kusan sati uku ban ji daga gare ka ba, na san fushi kake yi don na ƙi shawararka. Kana da gaskiya.

Baba ya yi hatsari ranar Talata. Shi bai ji ciwo ba, ko ƙwarzane. A mararraba ne, inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta. Ya fito zai hau titi, mai raba burodi yana tahowa a babur daga hagu. Mutumin da muke saye a wurinsa ne, kullum sai sun ɗaga wa juna hannu. Ƙarfen gaban motar ya same shi a ƙafa. Waɗanda suka gani sun ce ya yi ta danna oda tun daga nesa, Baba bai ko waiga ba. An yi yayyafi da safen, kuma da ya taka birki motar ta ja kafin ta tsaya.

A bayan motar aka kwantar da shi, tsakanin garewani, wani ya karɓi tuƙin zuwa asibiti. Ƙashin ya karye wuri uku. An sa masa ƙarfe. Likita ya ce ƙafar za ta tsira, amma ba zai ce za ta sake taka giyar babur ba. 'Ya'yansa uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Hukuma ta riƙe motar kwana biyu ta sake ta, ta riƙe lasisinsa sai an gama bincike. Baba kullum yana zuwa asibitin a motar haya. Matar mai burodin da ta gan shi sai ta ja labule. Sai ya zauna a benci a baranda har a tashi masu dubiya.

Baffa, ka rubuta mini da hannunka cewa tayar laka ba ta tsayawa a jiƙaƙƙiyar kwalta. Na karanta, na gane, na je na saya don ina so in ga ya yi dariya. Ni na karya ƙafar mutumin nan. A aji sai in tsaya da alli a hannu, in manta abin da nake rubutawa.

Ko zagi ne ka rubuto mini.

Malama

*

Baffa,

Jiya na aika maka takarda, yau taka ta iso. Motar direban ce ta lalace a hanya, ya bar jakarsa a gareji, sai yanzu ya tuna. Kwana goma sha tara. Ya ba ni haƙuri, na ce babu komai, don ban san abin da ke ciki ba.

Na ƙirga. Da ta zo jibin da ka ce, da kwana goma sha ɗaya makullin yana hannuna kafin ranar Talatar.

Inna tana da waya. Maƙwabcinka yana da waya. Ka san mutum yana tuƙi da rabin ido ɗaya a hanyar da yara ke bi zuwa makarantarmu, ka ɗauki maganar ka ba direba ya sa a jaka. Kafin nan ma shekara guda kana sane. Kai ka riƙe alkawarinka, mai burodi ya biya da ƙafarsa.

Ban tambayi lafiyar kowa ba. Ka yi haƙuri, yau ba zan iya ba.

Malama

*

Malama 'yata,

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Na karanta su a tsaye a bakin shago, na rufe shagon na koma gida. Innarki tana gaishe ki. Sai yanzu na gaya mata, kuma tun shekaranjiya ba ta yi mini magana ba.

Ba ni da abin kare kaina. Na tuna da wayar Innarki, har na ɗauke ta. Sai na ga idan ita ta kira, dole ta ji, ke nan mutum biyu na faɗa wa. Ina karya alkawari, ina kuma lallaɓa abin da ya rage daga cikinsa. Na ce kwana biyu ba komai ba ne.

Abu ɗaya nake so ki cire daga ranki, kuma wannan a matsayin mai taya nake faɗa, ba Baffa ba. Motar da ke fitowa daga hanyar ƙasa zuwa titi a hankali take tafiya. A wannan gudun, bambancin birkin tayar laka da gama-gari bai kai taku ɗaya ba. Ko wace taya ce a ƙafarta, sai ya same shi, don bai gan shi ba. Ƙarar tayoyin ta ƙara dagula lamarin, ban musa ba. Amma ke ba ki san yana bukatar kunnensa ba. Mu biyu muka sani.

Ki kai shi asibitin ido. Ki duba aljihun gaban mota, can yake ɓoye maganin.

Idan kin ce kada in sake rubutowa, zan daina.

Baffa

*

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Wata guda ke nan, na sani. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata na gode da saƙon da ta aiko, kuma ta yi maka magana haka nan, ya isa.

Na duba aljihun motar. Kwalabe uku na samu, duk babu komai a ciki, ta ƙarshen ta ƙare tun kafin damina. Bai sake saye ba don mai kantin maganin unguwarmu mijin abokiyar aikina ne.

Na jera su a gabansa a kan tabarma, na zauna. Ya lalubi ɗaya ya juya ta a hannu.

Ya ce, "Mai Taya ne ya faɗa miki."

Na ce, "Shi ne. Me ya sa kai ba ka faɗa mini ba?"

Ya ajiye kwalbar. Sannan ya ce, "Ranar da uwarki ta rasu, washegari na je na ɗauki madara. Mutane suka yi ta magana. Ba su san idan na zauna a gidan nan ba zan tashi ba. To idan na ajiye makulli, wa za a ce da ni? Mai Madara ake ce mini. Ke kanki sai kin yi tunani kafin ki tuna sunana."

Na ce, "Ni Baba nake ce maka."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya miƙo, amma gefena ya miƙa, inda babu kowa. Sai da na matsa na karɓa.

Likita ta ce na hagun ya tafi. Na daman za a iya riƙe abin da ya saura idan bai fasa magani ba. Ni nake ɗiga masa safe da yamma. Da ƙafarsa ya je wurin hukuma ya faɗi gaskiyar idonsa, bai jira sun gano ba. Lasisin ba zai dawo ba, sauran maganar tana gaba.

An sallami mai burodi, yana tafiya da sanduna biyu. Baba ya sa na raka shi gidansu, ya faɗa musu abin da ya faɗa wa hukuma. Mutumin ya ce, "Da ka gaya mini, Mai Madara, ai da ni zan riƙa tsaya maka." Matarsa ta tashi ta shiga ɗaki. Har muka fito ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Motar ta tafi ranar Lahadi. Wani manomi daga fadama ya saya, kuma abin da ya fi yabawa tayoyin ne, ya ce su ya daɗe yana nema. Abin da aka samu Baba ya ce a kai gidan mai burodi, an kai. Awa guda Baba ya tsare manomin yana gaya masa halin motar: sai an taka kuloci sau biyu kafin giya ta biyu, ƙofar baya sai da gwiwa take rufuwa. Da ta tashi, muka tsaya a ƙofar gida. Ni tuni na daina jin ta, shi yana cewa, "Ya wuce injin katako. Ya rage gudu, ya kai kwalbati." Can ya ce, "Ya hau kwalta." Ya juya ya shiga gida yana bin bango.

Gonakin bakwai an ba wani. Har yanzu da sassafe yake tashi, ya sa takalmi da hula, ya zauna a kujerar tsakar gida har in fita aiki. Idan na dawo a nan nake samunsa. Shekaranjiya ya tambaye ni ko kana fushi da shi. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ya ɗora maka kayan da ba naka ba.

Baffa, ban gama hucewa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni ina makaranta tun safe har la'asar, kuma ba ni ce na taso ɗaki ɗaya da shi ba. Ka bar wa wani shagon ko na sati biyu ne. Na share ɗakin Mama, na sa katifa biyu, taka da tasa. Idan ka sauka a tasha kada ka nemi mota, zan zo da kaina in ɗauke ka. Idan ka shigo, ka zauna masa ta dama.

'Yarka,
Malama